Yadda Rabi'u Direba Ya Zama Rabi'u Teku

Idan ka shiga Gyaɗi-Gyaɗi ka tambayi gidan Malam Rabi'u direba, sai a ce da kai wanne daga ciki, don unguwar tana da su har uku. Amma ka ce Rabi'u Teku, ko mai ƙosan bakin titi za ta nuna maka lungun da tsinken hannunta ba tare da ta ɗago daga kasko ba. Shi mai sunan yakan amsa in an kira shi da shi, amma kansa a sunkuye. Bai taɓa taka bakin teku ba, kuma kowa a unguwar ya san haka, don shi da bakinsa ya bi gida-gida ya faɗa.

A Tarauni aka haife shi, tun tana da gonakin dawa a bayan gidaje. Shi ne na huɗu a ɗakinsu, shi ne kuma auta, don mahaifiyarsu ta rasu ba a ko yaye shi ba. Yayarsa Asabe ce ta ɗaura shi a baya. Da aka yi mata aure a Gyaɗi-Gyaɗi, da shi aka kai ta, tare da kayan ɗaki. A gidan ya girma, a nan ya yi aure, ya tayar da ɗaki biyu a gefen nata. Duk duniya ita kaɗai ce take ce masa Rabe.

Ya koyi tuƙi, ya sami lasin, aka ɗauke shi direba a wata ma'aikatar gwamnatin jiha. Shekara ashirin da biyu yana riƙe da sitiyari bai taɓa goge ko akuya ba. Amma ba wannan ne abin alfaharinsa ba. Abin alfaharinsa shi ne bai taɓa tsayawa ya tambayi hanya ba. Ya je Maiduguri, ya je Sakkwato, ya je Yola da Jos, duk rana ce jagorarsa. Ɗan Kano ne, a Kano kuwa ba a ce maka ka yi dama ko hagu. Cewa ake ka yi gabas, in ka kai masallaci ka yi kudu. In ka wuce kwanarka, lungu na gaba zai mayar da kai.

"Gari duk gari ne," haka yakan faɗa a majalisar ƙofar gida, yana kaɗa makulli. "In dai rana tana fitowa a cikinsa, ni ba na ɓata."

Legas, wadda tsofaffi suke ce wa Ikko, ita kaɗai ce bai taɓa zuwa ba, don manyan da yake tuƙawa jirgi suke hawa in za su can.

A shekarar 1999, da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ma'aikatarsu ta yi sabon kwamishina, mai babbar riga da 'yan rakiya cike da ofis. Sabon kwamishina kuwa sai da sabuwar mota. Motar ta iso tashar jiragen ruwa ta Apapa da damina, aka ce Rabi'u ya je ya taho da ita. Aka haɗa shi da Iliya, akawun sito, mutumin Kagoro da ke zaune a Babban Giji, wanda zai sa hannu a takardu.

A lokacin Asabe ta manyanta, mijinta ya rasu, gwiwoyinta sun kumbura har salla a zaune take yi. Ranar tafiya ya shiga yi mata sallama, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba.

"Rabe, Ikko aka ce za ka?"

"Ikko, Yaya. Me za a taho miki da shi? An ce akwai atamfa mai kyau."

"Atamfa in kai ta ina? Ga su nan a adaka asu yana ci." Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo wata farar jarka da ta sha wanki har tana ƙyalli, an ɗaura mata jan ƙyalle a mariƙi. "Ruwan teku nake so. Ka cika min ita. An ce in ana shafawa a gwiwa, sanyin ƙashi fita yake yi."

Ya yi dariya. "Shi ke nan? Wannan ai ƙaramin abu ne."

"To. Tun da na goya ka ban taɓa aikenka inda ya wuce kasuwar Tarauni ba. Yau na aike ka."

"An gama, Yaya. Da hannuna zan ɗebo."

Da suka isa Legas, ejan ɗin da ke fitar da motar ya ce takardu sai jibi. Suka sauka a Ebute Metta, a gidan wasu 'yan goro mutanen Kano. Sai ga yini guda sukutum a hannunsu, ba aikin fari ba na baƙi.

"Oga Rabi'u," in ji Iliya, "mu ɗauki hayar mota mu ga gari mana. Da safe mu je bakin teku ka cika jarkarka, daga nan mu miƙa Badagiri. Tun ina firamare ake ba mu labarin tsohon gidan benen da ke can, ina so in gan shi da idona."

Mai masauki ya kwatanta musu garejin wani Alhaji Lamidi a Yaba. Bayerabe ne, amma haifaffen Ayagi a Kano, Hausa a bakinsa kamar ta 'yan Kurmi. Yana jin sallamarsu ya miƙe.

"A'a, mutanen gida! Ya Dala, ya Goron Dutse? An ce yanzu har Zoo Road ta cika da shaguna?"

Aka gaisa, aka sha ruwa. Ya nuna musu wata farar Fijo da aka wanke tsaf, sannan ya ƙwala kira. Wani siririn dattijo mai silifas ya taso daga benci yana cin gyaɗa.

"Ga mota, ga direba. Baba Mufu zai kai ku duk inda kuke so, ya dawo da ku lafiya."

Rabi'u ya ƙare wa dattijon kallo daga silifas zuwa hula. Ya zaro lasin daga aljihu ya ajiye a tebur.

"Alhaji, ni ma direba ne. Shekara ashirin da biyu. Na gwamnati."

"Allah ya ƙara girma. Amma Malam, garin nan ba iya tuƙi yake so ba, saninsa yake so."

"Teku tana ta ina?"

"Kudu."

"To ai magana ta ƙare. Ga rana, ga kudu."

Iliya ya ja hannun rigarsa. "Oga, mu tafi da mutumin nan mana. Me zai rage mu da shi?"

"Direba ya zauna a baya wani ya tuƙa shi? In koma Gyaɗi-Gyaɗi in ce me?"

Alhaji Lamidi ya dube shi, ya dubi lasin, ya riƙe katin shaidar aikin Iliya a matsayin jingina, ya miƙa makulli. "Ƙarfe shida nake rufe gareji. Abu ɗaya zan gaya maka: in ka ga gada, ka tambaya kafin ka hau."

Baba Mufu ya jefa gyaɗa a baki, ya faɗi wata magana da Yarbanci, kanikawan da ke ƙarƙashin wata mota suka kwashe da dariya. Rabi'u ya jefa jarka a kujerar baya, ya tayar da mota.

Ba su yi minti goma ba hanya ta rabu biyu a gindin wata gada. Akwai koren allo da rubutu, amma kafin Iliya ya gama karantawa wata rawayar bas ta manne musu a baya tana hon kamar za ta hau kansu. Rabi'u ya leƙa rana ta gilashi, ya zaɓi reshen da ya fuskanci kudu. Reshen ya hau sama, ya lanƙwashe, ya sake lanƙwashewa, ya sauke su a kan wata doguwar gada, ranar hantsi tana dukansu ta hannun dama. Arewa suka fuskanta.

"Ba komai," in ji Rabi'u. "Kwana ta gaba mu juya."

Babu kwana ta gaba. Ruwa ne ta dama, ruwa ta hagu, iya ganinka. Can ƙasa ga gidajen katako tsaye a kan sanduna, ga masu kwale-kwale suna jefa koma.

"Ga teku!" Iliya ya ɗaga murya. "Oga, tsaya ka ɗiba!"

"In tsaya a ina?"

Babu wurin tsayawa. Ko da akwai, ruwan yana can ƙasa inda gugar rijiyar Tarauni ba za ta kai ba. Duk sanda ya taɓa burki, sai jarkar ta gangaro ta bugi ƙofa, ƙwal, irin ƙarar abin da babu komai a cikinsa.

Da gadar ta ƙare, tireloli da manyan bas-bas suka sa su a tsakiya suka tafi da su. Duk inda ya so ya fita, wata motar ta riga shi toshe wurin. Suka wuce Ojota, suka wuce inda ake biyan kuɗin hanya. Gidaje suka fara ƙaranci, daji ya fara yawa. Iliya ya karanta wani allo, a hankali, kamar mai karanta takardar sallama daga aiki.

"Oga. Ibadan aka rubuta."

"Na gani."

"To ko gida za mu wuce? Ai hanyar Kano ce."

"Iliya."

"Na yi shiru."

Sai da azahar suka sami wurin juyawa. Rabi'u ya yi salla a gefen titi. Yana sallamewa ya hango Iliya tsaye wajen wata mai ayaba, tana kwatanta masa hanya da hannu bibbiyu. Ya kau da kai kamar bai gani ba.

A hanyar dawowa gosulo ya kama su, sannan hadari ya haɗo ya rufe rana. Jagorar Rabi'u ta shekara ashirin da biyu ta shige gajimare ta bar shi da sitiyari a hannu. Suka sake hawa doguwar gadar nan, wannan karon sun fuskanci kudu, amma tafiyar ta ja da gindi ce, taku ɗaya a tsaya. Ruwan sama a bisa, ruwa a ƙasa, jarka a baya tana ƙwal. La'asar ta yi musu a kan gada.

Suka sauka a Obalende, inda hanya take hawa kan hanya, wata ta bi ta ƙarƙashinsu duka. Iliya bai nemi izini ba, ya sauke gilashi ya tambayi wani mai lema. Mutumin ya nuna gaba, ya ce sun kusa. Kuma lallai sun kusa, don iska ta canza, wani ƙarni-ƙarni mai ɗanɗanon gishiri ya shigo motar. Rabi'u ya shaƙa, ƙirjinsa ya ɗan saki. Sai ga mai ba da hannu tsaye a tsakiyar titi cikin rigar ruwa, yana kora motoci gefe, wai ruwa ya cinye hanyar gaba. Layi ya tura su hagu, hagun ta hau sama, ta lanƙwashe. Rabi'u ya ga ƙarafan gefen gadar da ya riga ya haddace.

Sau uku ke nan.

Wannan karon da Iliya ya hango mafitar Yaba ya ce, "Nan! Nan!" Rabi'u bai yi musu ba, ya karya sitiyari. Shida saura kaɗan suka shiga gareji.

"Mutanen gida!" in ji Alhaji Lamidi. "Ya teku?"

"Mun gan ta sau uku," in ji Iliya, "daga kan gada."

"Wannan ai ba teku ba ce, ƙanwarta ce. Ita teku tana bayan tsibiri."

Baba Mufu ya buɗe ƙofar baya, ya ɗago jarkar da ɗan yatsa ɗaya, ya girgiza ta a saitin kunnensa, ya miƙa wa Rabi'u da hannu biyu, cikin ladabi. Da zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi.

Washegari da hantsi ejan ya kawo sabuwar mota har ƙofar masauki, takardu sun fito da wuri. Ya zo kuma da saƙo daga Kano: kwamishina yana son motarsa don wani taro, su taso yanzu-yanzu. Rabi'u ya dubi motar, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Ya tuna gadojin jiya. Ya san ba zai shiga da dukiyar gwamnati cikinsu ba.

Ya je shagon kan kwana ya sayo ƙullin gishiri. Ya zaga bayan gida inda famfo yake, ya cika jarka, ya zuba, ya girgiza, ya ɗanɗana, ya ƙara. Yana cikin girgizawa ta biyu ya ji mutum a bayansa.

"Oga Rabi'u, me nake gani?"

"Abin da ka gani."

"Ka gaya mata gaskiya mana. Ka ce mun ɓata."

"Ni? In buɗe baki in ce na ɓata?" Ya murɗa murfin da ƙarfi. "Shafawa kawai za ta yi. Gishiri ai gishiri ne."

"To, ni ban ga komai ba," in ji Iliya. "Amma ban ji daɗi ba."

Da ya dawo Kano, Asabe ta karɓi jarkar da hannu biyu, da bisimilla. Ta buɗe, ta sansana, ta ɗiga a harshe, ta yamutsa fuska cikin murna.

"Kai! Lallai teku! Allah ya yi maka albarka, Rabe. Yadda ka ji ƙaina Allah ya ba ka masu jin ƙanka." Ta gyara zama. "To ba ni labari. Yaya take?"

Sai ya ba ta labarin ruwan da ya hango daga kan gada. Ya ce ba a ganin ƙarshensa. Ta ce ya shiga? Ya ce ya ɗan shiga. Ta ce har ina? Ya ce gwiwa. Kowace tambaya ta yi, sai ya ƙara wani tubali a kan ginin, yana ji a ransa ginin ba shi da tushe.

Bayan mako guda ta ce gwiwa ta yi sauƙi. Labari ya zaga unguwa. Mata suka fara zuwa da 'yan kwalabe, na turare da na maganin tari, tana auna musu da murfin jarkar. Yana kwance a ɗakinsa yakan jiyo muryarta ta katanga: "Ƙanena ne ya shiga har gwiwa ya ɗebo. A yi a hankali, ba a samunsa a nan." A majalisa aka fara ce masa Rabi'u Teku, a lokacin kirari ne. Shi kuwa tuwo ya daina wuce masa. Ya koma fita tun kafin ta buɗe ƙofa, in ya dawo ya gaishe ta daga tsakar gida ya wuce. Matarsa ta tambaye shi ko sabon kwamishina ne yake matsa masa, ya ce e.

Matar Iliya, Naomi, nas ce, kuma ita take leƙowa lokaci-lokaci ta auna jinin Asabe, don tsohuwar tana da hawan jini. Wata Asabar da yamma Rabi'u ya dawo ya tarar da Naomi tsaye a zaure da jakarta, ba ta shiga ba, ba ta tafi ba.

"Malam Rabi'u, kai nake jira."

"Lafiya, Maman Faith?"

"Ba lafiya ba. Jiya na auna Inna, jininta ya hau inda ban taɓa gani ba. Ƙafafunta sun kumbura har idon sawu, kanta yana sarawa. Ta ajiye ƙwayoyinta. Wata baƙuwa ta ce mata in an sha ruwan nan ya fi ratsa jiki, yanzu murfi guda take sha safe da yamma. Mai hawan jini, tana shan gishiri! Ko na tekun gaske ne sai ya kayar da ita."

Ya ɗago da sauri. Ta dube shi ido cikin ido.

"Na je gida ina ta faɗa, sai Baban Faith ya gaya min. Bai so ba, ni na matsa masa."

Rabi'u ya jingina da bango. "A zubar da shi mana. Ko a ɓoye."

"Ta aika a karɓo mata daga waɗanda ta bai wa? Na yi mata magana har na gaji. Ta ce wai ƙwayar Bature ba za ta fi ruwan da Allah ya tara tun farkon duniya ba. Tawa ba za ta ji ba. Abu ɗaya ne zai sa ta daina, kai ma ka san shi."

Ya shiga. Mata uku ya tarar a wajen Asabe, biyu da kwalabe a hannu. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce a ransa bari su tafi tukuna. Sai ya ga Asabe ta tsiyaya a murfi, ta yi bisimilla, ta nufi baki da shi.

"Yaya, ajiye."

"Na yamma ne, Rabe."

"Ajiye, don Allah. Ba ruwan teku ba ne."

Hannunta ya tsaya a iska.

"Na famfo ne. Ni na zuba masa gishiri. Ban je bakin tekun ba."

Ɗaya daga cikin matan ta tuna ta bar tukunya a wuta. Sauran biyun suka tuna su ma. Takalma suka yi ƙara a tsakar gida, sannan shiru.

Asabe ta ajiye murfin a ƙasa a hankali, kada ya zube, kamar har yanzu abu ne mai daraja.

"Gishirin na ina ne?"

"Na shago."

"Irin wanda nake sa wa miya?"

"Shi."

Ta daɗe tana kallon jarkar. "Ikkon ma ka je kuwa?"

Wannan ta fi komai shigarsa. "Na je, Yaya. Wallahi na je. Mota muka ɗauka haya, aka ba mu direba na ƙi. Ɓata na yi. Yini guda ina zagaye a kan gada."

"Ɓata." Ta jinjina kai. "Rabe, ni na wanke maka kashi. Ni na tsamo ka daga kududdufin bayan gidan Liman kana ihu. Wane ɓata ne za ka yi da zai zama sabo a wurina? Da ka dawo min da jarkata ba komai ka ce, Yaya ban samu ba, dukanka zan yi?"

Ya sunkuyar da kai. Hawaye yana ɗiga a kan tabarma, yana kallonsa kamar na wani.

"Ni ban damu da gwiwa ba, ta saba. Amma ka sa na yi wa mutane ƙarya da furfurata. Na ce musu ka shiga har gwiwa." Ta fara lissafo gidaje da yatsu, ba ta manta ko ɗaya ba, daga lungunsu har Unguwar Gano. Goma sha bakwai. "Ka bi su ka karɓo. Kada ka ce ya lalace. Kada ka ce likita ya hana. Abin da ka gaya min, shi za ka gaya musu."

Kwana uku ya yi yana bi, bayan an tashi daga aiki, da ɗan buhu a hannu. A kowace ƙofa sai ya yi sallama, ya jira maigida ya fito, a gaisa, a tambayi iyali, a tambayi aiki, sannan ya faɗa. Ya ɗauka in ya faɗa sau biyar bakinsa zai saba. Bai saba ba. Wani ya yi salati ya shiga ya ɗauko. Wani ya riƙe dariya har ya juya baya, sannan ta ƙwace masa a zaure. Wata tsohuwa ta leƙo ta bayan ƙyaure ta ce, "Ashe shi ya sa na ji kamar ruwan dafa taliya."

A Unguwar Gano ya gamu da Baba Tanko, tsohon mahauci, wanda ya ƙi bayarwa ƙememe.

"Na famfo ne, Baba."

"Famfon ina?"

"Na Legas."

"To famfon Legas daga ina yake jan ruwa in ba daga teku ba?"

"Baba, ni da hannuna na zuba gishirin."

"Kai ka sani. Ni dai bayana ya saki. Ba na bayarwa."

Da ƙyar ya yarda ba zai sha ba, shafawa kawai. Kwalba goma sha shida Rabi'u ya kawo ya jera a gaban Asabe, ya gaya mata inda ta goma sha bakwai ta maƙale. Ta ce ya zubar a kwata.

A majalisa kuwa an samu abin yi. In ya taso za shi masallaci sai wani ya ce, "Malam Rabi'u, gabas tana nan, kada ka hau gada." Sunan da ya fara da kirari ya juye ya zama abin da yake a yau. Bai daina zama a majalisar ba, sai dai ya daina kaɗa makulli.

Asabe ta koma kan ƙwayoyinta, kumburi ya saɓe, ciwon kai ya tafi. Ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Tana amsa gaisuwarsa, tana tambayarsa aiki, in ta dama kunu tana aika masa. Abu ɗaya kawai ta daina: aikensa. Yana tsaye a tsakar gida da makullin mota a hannu za ta kira matarsa, ko maƙwabciya, ta ce a sayo mata goro. Da ya sami hutu ya je ya durƙusa ya ce zai koma Ikko, wannan karon a baya zai zauna a tuƙa shi har bakin ruwa.

"Na fasa," in ji ta. Jarkar ma ta mayar da ita ta kananzir, jan ƙyallen yana nan a mariƙi.

Sai da damina ta zagayo. Wata Lahadi da hantsi yana wanke ƙafa a bakin rijiya ya ji ta daga ɗaki.

"Rabe."

"Na'am, Yaya."

"In za ka fita, ka biya kasuwar Tarauni ka duba min daddawa. Ta kalwa nake so, ba ta waken suya ba. In babu, ka dawo ka ce babu."

Ko hula bai tsaya sawa ba. Ya zaga layin masu kayan miya, ya tambaya, aka tura shi gaba, ya sake tambaya. Ranar kamar an haɗa baki, duk ta waken suya ce. Wata mai daddawa ta ga yana ta kai da kawowa ta kira shi.

"Malam, karɓi wannan mana. In ta shiga miya wa zai gane? Tsohuwa ce fa ka ce."

Ya dubi daddawar. Baƙa ce, an mulmula ta da kyau, kamanninsu ɗaya. Ya ce Allah ya ba da kasuwa.

Ya dawo gida, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya buɗe mata tafukansa biyu.

"Babu, Yaya."

Ta dubi hannuwan, ta dube shi.

"To, sannu da hanya," ta ce. Ta jawo kwanon sha ta buɗe faifan. "Shigo daga ciki mana, ka tsaya a ƙofa kamar baƙo. Gobe ka duba min a Sabon Gari."